Ka Sayi Waya, Kamfani Ya Riƙe Makulli: Rikicin 'Yancin Gyara

A farkon shekarar 2016 masu riƙe da iPhone 6 a ƙasashe da dama suka fara kuka iri ɗaya. Mutum ya kai wayarsa wurin mai gyara na unguwa, an canza masa maɓallin ƙasa mai karanta zanen yatsa, waya ta ci gaba da aiki lafiya lau har tsawon watanni. Ranar da ya sabunta manhajarta sai ta ɗauke ɗif, ta bar shi da saƙon "Error 53", ba kira, ba hoto, ba komai. Da farko kamfanin Apple ya ce matakin tsaro ne. Da surutu ya yi yawa, a watan Fabrairu ya ba da haƙuri, ya fitar da gyara, ya ce gwaji ne na cikin masana'anta da bai kamata ya shafi masu saye ba. A 2018 kotun tarayya ta Ostireliya ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 9, saboda ya riƙa gaya wa mutane cewa ba su da haƙƙin gyara kyauta tunda wani hannu ya taɓa wayar.

Babu abin da ya ƙone ko ya karye a cikin wayoyin nan. Manhaja ce ta leƙa, ta ga wani sashi da ba ta sani ba, ta yanke wa waya hukunci. Daga nan ne rikicin da ake kira na 'yancin gyara ya sauya kama, kuma shi ne har yau ake tafkawa a majalisun jihohin Amurka da na Tarayyar Turai.

Kafin wannan lokaci, shingayen da kamfanoni ke kafawa irin waɗanda ake gani da ido ne. Apple ya ɗaure iPhone 4 da wasu ƙananan notuna masu kusurwa biyar da sukuddireban gida ba ya kwancewa. Kamfanoni suka daina yin murfin baya mai ɓallewa, suka manne batir da gam, suka ɓoye littattafan gyara da taswirar injin waya. Duk wannan ya wahalar da masu gyara, amma bai kai su ƙasa ba. Ba a daɗe ba masana'antun birnin Shenzhen na China suka ƙera sukuddireban da ya dace. Kamfanin iFixit, wanda Kyle Wiens da Luke Soules suka kafa a Kalifoniya a 2003, ya mayar da farke sabbin wayoyi da wallafa matakan gyaransu kyauta sana'arsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan teburin wani injiniya a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ya san gam da noti ba su isa su tsayar da mai hannu ba. Da na'urar hura iska mai zafi da madubin ƙara girma, yaro ɗan shekara ashirin zai ɗaga ƙwayar lantarki da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ya dasa wata.

Shingen manhaja daban yake, domin doka ce ke tsaye a bayansa. A 1998 Amurka ta yi dokar kare haƙƙin mallaka ta zamanin kwamfuta, wadda ake kira DMCA. Sashe na 1201 na dokar ya haramta karya duk wani kulle da aka sanya wa manhaja. An yi shi ne don masu kwafar finafinai da waƙoƙi, amma da manhaja ta shiga cikin mota da firji da tarakta da keken guragu, sai kullen ya bi ta. A 2015 kamfanin John Deere ya rubuta wa ofishin haƙƙin mallaka na Amurka cewa manomin da ya sayi taraktarsa bai mallaki manhajar cikinta ba, izinin amfani kawai ya samu na tsawon rayuwar motar. Ma'ana an sayar maka da doki, linzami kuma yana hannun mai sayarwa. Manoman Amurka da tarakta ta tsaya musu a tsakiyar girbi, suna jiran ma'aikacin dila ya zo da kwamfutarsa ya buɗe, wasunsu suka koma sayen fasasshiyar manhaja daga Yukiren. A watan Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta maka John Deere a kotu a kan wannan batu.

A waya kuwa, ga yadda kullen yake aiki. Gilashi da batir da kyamara kowanne na ɗauke da 'yar ƙwayar lantarki mai lamba ta musamman. A masana'anta ake ɗaure waɗannan lambobi da lambar uwar injin wayar. Idan aka canza sashi, waya za ta gane baƙo ya shigo, kuma ba za ta karɓe shi sosai ba sai manhajar kamfani ta ba da izini. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, ko da sashin na asali ne, an ciro shi daga wata sabuwar waya irinta sak, kafin 2024 hukuncin ɗaya ne a iPhone. A 2019 aka gano cewa iPhone XS na daina nuna lafiyar batir idan ba wakilin Apple ne ya canza shi ba. A 2021, canza gilashin iPhone 13 ya riƙa kashe na'urar gane fuska gaba ɗaya, alhali na'urar ba a jikin gilashin take ba. Sai da aka yi caa kafin kamfanin ya janye wannan ta hanyar sabunta manhaja. Masu gyara sun sami dabarunsu: akwai 'yan na'urori da ke kwafo bayanan tsohon gilashi zuwa sabo, akwai kuma masu ciro ƙwayar tsohon batir su liƙa wa sabo. Aiki ne mai cin lokaci da haɗari, kuma mai waya ne ke biyan kuɗinsa, ba don ya ƙara wa wayar komai ba, sai don a lallashi manhaja ta yi shiru.

Ba Apple kaɗai ke wannan ba, shi ne dai ido ya fi gani. Tun 2016 firintocin HP ke ƙin karɓar tawadar da ba ta kamfanin ba bayan sabunta manhaja, kuma a farkon 2024 shugaban kamfanin, Enrique Lores, ya faɗa a fili cewa burinsu shi ne buga takarda ya koma abin biyan kuɗi wata-wata. A Polan, a ƙarshen 2023, wasu masana kwamfuta da aka ɗauko don su gano dalilin da ya sa jiragen ƙasa ƙirar kamfanin Newag suka ƙi tashi, sun ce sun tarar da umarni a cikin manhajar da ke kulle jirgi idan ya daɗe a harabar wani kamfanin gyara na daban. Newag ya musanta cewa shi ya sa umarnin.

To, me kamfanonin ke cewa? Bai kamata a yi watsi da hujjojinsu da hannu ɗaya ba, domin ba duka ne na banza ba.

Suna cewa batirin litiyam wuta ne a kwance, idan marar ƙwarewa ya huda shi ko aka sa na jabu, zai iya kamawa a aljihu ko ƙarƙashin matashin kai. Gaskiya ne. Sai dai gobarar batir mafi girma a tarihin wayar hannu, ta Galaxy Note 7 a 2016, wadda ta sa aka hana shiga jirgin sama da wayar har Samsung ya daina ƙera ta, daga batiran asali da kamfanin da kansa ya saka ta fito. Kuma idan tsoron jabu ne, maganinsa a sayar wa masu gyara batir mai kyau a farashin hankali. Hana su na asali shi ke tura su wurin na jabu. Suna cewa kuma na'urar karanta yatsa da ta gane fuska su ne ƙofar asusun banki da sirrin mutum, don haka dole waya ta tabbatar ba a dasa mata na'urar leƙen asiri ba. Wannan hujja na da ƙarfi a kan waɗannan sassa biyu. Ba ta da abin faɗa a kan batir ko motar da ke sa waya rawa. Hukumar FTC ta bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, a rahoton da ta miƙa wa majalisar dokoki a watan Mayun 2021 ta ce shaidar da ke goyon bayan yawancinsu ƙalilan ce ƙwarai.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta sata, domin wanda ke zaune a Kano ba sai an yi masa bayanin ƙwacen waya ba. An rasa rayuka a kan waya a titunan birnin, an raunata mutane da wuƙa a cikin adaidaita sahu da lungunan unguwa. A 2013 Apple ya kawo kullen da ke ɗaure waya da asusun mai ita, wanda 'yan kasuwa ke ce wa "ai kilaud". Bayan haka hukumomin Landan da San Faransisko da New York sun ba da rahoton raguwar satar iPhone sosai. Amma ɓarawo bai rasa mafita ba: idan waya ba ta buɗuwa, sai a farke ta a sayar da gilashi daban, kyamara daban, batir daban. Kasuwar sassa ta hannu, wadda masu gyara na kirki ke dogaro da ita, ita ce kuma ke shanye kayan sata. Wanda ya ce a saki sassa sakaka ba tare da wata alama ba, bai yi wa waɗanda aka sara adalci ba.

A watan Afrilun 2024 Apple ya sanar da abu biyu tare: zai bari a yi amfani da sassan asali na hannu a gyara, kuma zai faɗaɗa kullen asusu ya shafi sassa, ta yadda gilashin da aka ciro daga wayar da aka ba da rahoton sacewa ba zai samu karɓuwa a wata ba. A ganina wannan mataki ya tona asirin dukan muhawarar. Ashe tun farko ana iya bambanta sashin sata da sashin halal. Ashe ana iya toshe na ɓarawo ba tare da an toshe na mai gyara ba. Shekarun da aka kwashe ana hukunta kowa da kowa, zaɓi ne aka yi, ba tilas ba ce ta fasaha.

A nan nake ganin ya dace a ja layi: kamfani yana da damar ya faɗa, ba shi da damar ya hana. Sabbin iPhone suna nuna tarihin sassa a cikin saiti, ko gilashin na asali ne, ko na hannu ne, ko ba a san shi ba. Wannan alheri ne babba ga irin kasuwarmu, inda akasarin manyan wayoyi na hannu ake saye, inda kuma ake sa wa mutum gilashin kofi a karɓi kuɗin orijina. Masu gyara namu ba waliyyai ba ne, akwai masu amana, akwai masu ciro kayan kirki su mayar da ruɓaɓɓu. Waya ta gaya wa mai ita gaskiyar abin da ke cikinta, shi ya yanke shawara da aljihunsa. Amma ta rage masa haske, ko ta ɓoye masa lafiyar batir, ko ta dame shi da gargaɗin da ba ya gogewa, wannan horo ne ake yi masa don ya ƙi zuwa inda ake so ya je.

Kuma akwai dalilin da ya sa ake so ya je can. A watan Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage wa tsofaffin iPhone gudu idan batirinsu ya gaji, don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya. Ta fuskar injiniya dabarar tana da ma'ana. Laifin shi ne ba a gaya wa kowa ba, don haka mutane da yawa suka ɗauka waya ce ta tsufa, suka sayi sabuwa, alhali batir kawai take buƙata. Kamfanin ya sauke kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29 na tsawon 2018. Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020, a Amurka kuma ya amince ya biya har dala miliyan 500 ga masu ƙara. A watan Janairun 2019, cikin wasiƙarsa ga masu hannun jari, shugaban kamfanin Tim Cook ya lissafa arahar canza batir cikin dalilan da suka sa cinikin sabbin iPhone ya ja baya. Babu buƙatar a zargi kowa da makirci a ɓoye, lissafin a fili yake: duk wayar da aka gyara, ciniki ɗaya ne ya jinkirta.

Dokoki sun fara zuwa, amma da tsalle-tsalle. A Amurka, jihar Masachusets ce ta buɗe hanya a 2012 da dokar gyaran motoci. New York ta yi ta kayan lantarki a ƙarshen 2022, bayan an zare mata haƙora da dama kafin gwamna ta sa hannu. Kalifoniya ta bi a 2023, ta wajabta samar da kayan gyara har shekara bakwai ga na'urar da kuɗinta ya kai dala 100, kuma Apple da kansa ya goyi bayan wannan doka, wadda ba ta taɓa batun ɗaure sassa ba. Da jihar Oregon ta zo a 2024 da dokar da ta haramta ɗaure sassa kai tsaye, sai kamfanin ya tura wakili ya yi adawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ainihin ƙarfin yake. Shirin gyara da kanka da Apple ya fara a 2022 ma haka ya fara: ana ba ka hayar akwatuna biyu na kayan aiki masu nauyin kusan kilo 36, don ka canza batirin da bai cika tafin hannu ba, sannan a lokacin sai ka nemi izinin kamfani kafin waya ta karɓe shi.

Turai ta fi zurfafawa. Ita ce ta tilasta caja iri ɗaya, har iPhone 15 ya koma USB-C a 2023. Daga 20 ga Yunin 2025, duk wayar da za a sayar a Tarayyar Turai dole a tanadi kayan gyaranta har shekara bakwai bayan an daina sayar da ita, a ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara biyar, batirinta kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Wata dokar ta 2024 ta hana amfani da manhaja wajen toshe gyara, amma ta bar ƙofa a buɗe ga abin da ta kira dalilai na halal, kuma ta wannan ƙofa lauyoyin kamfanoni za su riƙa shige da fice.

Batun sabunta manhaja da Turai ta saka a doka shi ne kulle na biyu, kuma ya fi na farko yin aiki a ɓoye. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 kuma ba ya hawa kowace kwamfuta a hukumance: yana buƙatar ƙwayar tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamancinsa. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan. Microsoft ya ba da ƙarin shekara ɗaya ta kariya zuwa Oktoban 2026, a kan dala 30 ko wasu sharuɗɗa, mazauna Turai kuma suka samu sassauci bayan ƙungiyoyin masu saye sun matsa lamba. Hujjar tsaro a nan ma ba ƙarya ba ce, wanda ya tuna yadda ƙwayar cutar WannaCry ta durƙusar da asibitocin Ingila a 2017 ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba ya san haka. Tambayar ita ce ina waɗannan kwamfutoci za su nufa. Ofisoshin Turai da Amurka za su sauke su, dillalai su loda kwantena, su sauka a Legas da Kwatano, su bazu zuwa Kano da Kaduna da Maraɗi. Ɗalibin jami'a zai saya da kuɗin da iyaye suka tara da ƙyar, mai shagon buga takardu zai saya, ƙaramin asibiti zai ajiye bayanan marasa lafiya a ciki. Injin lafiyayye ne, zai iya shekara biyar yana aiki, amma ƙofarsa a buɗe take ga duk ɓarakar da aka gano daga baya. Ana iya ɗora masa Linux, manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, ya ci gaba da rayuwa cikin tsaro, kuma ya kamata masu sayar da kwamfutar gwanjo su koyi yin hakan, sai dai wanda aikinsa ya dogara da manhajar da ba ta hawa sai Windows bai tsira ba.

Haka abin yake a wayoyin Android. Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara bakwai na sabuntawa ga manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 da Galaxy S24. Wayoyin da talaka ke saye ba su kusanci wannan ba. Tecno da Infinix da itel, duka na kamfanin Transsion, sun mamaye kasuwar Afirka ne da araha da sauƙin gyara, kayan gyaransu a ko'ina ake samu, ga cibiyoyin Carlcare a manyan birane. Ta fuskar ƙarfe sun fi manyan kamfanoni sakin hannu. Ta fuskar manhaja kuwa, ƙaramar waya kan daina samun kariya tun jikinta na da sauran ƙwari, a daidai lokacin da mai ita ke ajiye asusun bankinsa da lambar katin ɗan ƙasa a ciki.

Wani ɓangare na nasarar Turai zai iso mu ko ba mu nema ba, domin kamfani ba zai ƙera waya mai sauƙin buɗewa don Faransa ya ƙera wata daban don Najeriya ba. Amma wajabcin sayar da kayan gyara, da ba da littattafai, da buɗe na'urar ba da izini, a bakin iyakar ƙasar da ta yi dokar yake tsayawa. Mai gyara a Balin ta Jamus zai iya neman batir na asali a matsayin haƙƙi. Takwaransa na Farm Centre, wanda wataƙila ya fi shi yawan wayoyin da ke bi ta hannunsa a mako, sai abin da ɗan kasuwa ya shigo da shi daga birnin Guwanzu na China.

Najeriya ba ta rasa hukumar da za ta iya wannan magana ba. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC, kuma a watan Yulin 2024 hukumar ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da hukuncin a 2025. Hukumar sadarwa ta NCC kuma ita ke amincewa da kowace irin waya kafin a sayar da ita a ƙasar bisa ƙa'ida. A wannan mataki na amincewa ake iya gindaya sharaɗi: kamfani ya rubuta a jikin kwali shekara nawa zai sabunta manhajar wayar, ya sayar wa masu gyara masu rajista batir da gilashi na asali, ya kuma buɗe musu hanyar duba ko sashin da aka kawo musu na wayar sata ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya na Kano da Legas da Abuja suna da yawan mambobin da za su sa a saurare su idan suka kai wannan buƙata gaban hukumomin biyu da kwamitocin majalisa.